Alƙaliya da Asibitin Yamma

Yayata ba ta taɓa goyon bayana ba tun muna tsalle-tsalle a tsakar gida. In na yi faɗa da 'yar maƙwabta aka nemi shaida, ita ce za ta matso ta ce, "Auta ce ta fara," tana faɗa tana kallon ƙasa kamar ita aka daka. In aka ba ta abu ta raba mana, ƙaramin kaso take ɗauka, ba don tsabar kirki ba, sai don kada wani ya ce ta so kanta. Baba ne ya laƙaba mata Alƙaliya, yana dariya yana alfahari, sunan kuwa ya bi ta har gidan mijinta. Mutane suna yaba mata wannan hali. Ni da na tashi a ƙarƙashinsa ina da abin faɗa, kuma yau sai na faɗa.

Baba direban tankar ruwa ne a lokacin. Shi ya riƙe mu shi kaɗai bayan rasuwar Mama. Kafin shaguna su buɗe ya fita, ba ya dawowa sai magariba ta wuce, wandonsa jiƙe har gwiwa, yana warin man mota. Motar ba tasa ba ce. A bakin garejin kullum akwai direbobi marasa mota zaune a kan tsofaffin tayoyi, idonsu na kan allon da ake rataye makullai. Duk wanda ya yi fashin safiya ɗaya, makullinsa ya koma hannun wani, karɓo shi kuwa sai an kai ruwa rana.

Da hawan jini ya kama shi, aka tura shi sashen masu wannan ciwo a babban asibiti. Dogon zaure ne mai bencuna jere, da fanka guda mai kukan tsiya, da taga inda ake tara katunan marasa lafiya. Da safe ake buɗewa, rana na take tsaka likita ya tashi. Maganin wata ɗaya suke bayarwa, kuma ba a ba ɗan aike, sai mai ciwon ya zo da kansa an auna shi. Baba ya je karon farko, ya je na biyu, a na ukun ya dawo ya tarar wani ya fita da motarsa. Daga nan ya ce lafiyarsa ƙalau. Muka koma sayo masa tsohon maganin a kemis. Yaya ta sayo na'urar awo, duk ran hutu ta ɗaura masa a dantse, da idonta take ganin lambar tana hawa. Ta roƙe shi, na yi masa kuka. Ya ce in asibitin na son ganinsa, su buɗe lokacin da masu aiki suka tashi.

Ita Yaya lissafi ta karanta. Tana aiki a wani ofis da ake ɗauka haya in ana son jin ra'ayin jama'a. Ba ita ke yawo da takarda ba, ita ke tsara abin da za a tambaya. To ana nan sai shugabannin asibitin nan suka gaji da ƙorafi, suka ce za su gyara abu ɗaya a sashen, amma sai an tambayi marasa lafiyar abin da suka fi so. Cikin abubuwan da ke kan tebur har da buɗewa da yamma. Aikin kuwa ya faɗo hannun Yaya. Ranar da ta faɗa mana na kusa taka rawa. Na ce Allah ya ba mu wuƙa da nama. Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon nan nata, ta ce ba namanmu ba ne.

Shagon ɗinkina ba shi da nisa da ofis ɗinsu, kuma in wutarsu ta ɗauke wurina take tahowa da kwamfutarta, ta zauna a kan kujerar da ke tsakanin kekena da teburin guga. A nan na koyi aikin nata, ba don ina so ba.

Kati ake nuna wa mutum, da zaɓi biyu a kai. Na dama ya ce ka zo da safe, ka daɗe a layi, likita ya gan ka, a ba ka maganin wata ɗaya. Na hagu ya ce ka zo da yamma, jira kaɗan, nas ta gan ka, a ba ka na wata uku. Wanne ka ɗauka? Sai a kawo wani katin an jujjuya abubuwan, a sake tambaya. Daga zaɓe-zaɓen ake gane abin da ya fi nauyi a zuciyar mutane. Sai dai katunan da za a iya haɗawa sun fi a ƙirga, ba mai haƙurin amsa fiye da 'yan kaɗan, mutanen da za a tambaya ma ba su da yawa. Don haka kwamfuta ke zaɓar katunan. Ita kuma ba ta motsawa sai an fara gaya mata abin da ake zaton mutane suna so da abin da suke ƙi, da ƙarfin son da ƙarfin ƙin. Zaton farko, in ji Yaya. Da shi kwamfutar ke haɗa zaɓi biyu masu kusan nauyi ɗaya, yadda sai mutum ya sosa ƙeya kafin ya zaɓa, domin katin da amsarsa take a fili ba ya koya wa kowa komai. Shi wannan zato kuma daga ɗan ƙaramin gwaji ake samo shi, yadda nake gwada zare a kan ƙyalle kafin in sa allura a yadin mutane.

An yi gwajin. A ina? A zauren jiran asibitin, da hantsi, ranar aiki. Wa ke zaune a kan bencin nan a wannan lokaci? Tsofaffin da suka ajiye aiki, da iyaye mata da jikoki suka rako. Sun san juna, sun san jikokin juna, wannan layin shi ne majalisarsu. Aka ce musu yamma fa? Suka ce Allah ya kiyaye, ido ba ya gani, ƙafa ba ta zuwa. Jira fa? Ai hira ce. Gwajin ya fito yana cewa mutane sun tsani yamma, jira kuma ko a jikinsu. Alhali babban aikin ba a zauren za a yi shi ba. Duk wanda aka taɓa yanka wa katin asibiti za a bi, har waɗanda suka daina zuwa, a same su a gareji da kasuwa da wuraren gini.

Wata rana da la'asar abokin aikinta ya biyo ta shagon. Dogo suke ce masa, ƙasa yake da ita a ofis, sai ya sunkuya yake shigowa ƙofata. Ya tsaya a kanta yana duban lambobin.

"Malama, wannan na yamman bai kwanta min ba," in ji shi. "Mutanen gwajin ba su cika benci uku ba, kuma duk irinsu ɗaya. Mu gaya wa kwamfutar ba mu da tabbas. A bar abin a buɗe, ko ana ƙin yamman ko ana so. Ai ana yin haka, mu ma mun sha yi. Sai mu faɗa a rahoto cewa haka muka yi."

Ta ɗora hannunta a kan madannan kwamfutar. Can ta ce, "Da a ce babana ba direba ba ne, zan kawo wannan tunanin?"

"Ai ba ke kika kawo ba, ni na kawo."

"Ka kawo ne don ka san halin da nake ciki."

"Wallahi Malama, ko babanki sarki ne haka zan ce."

"Ban san ko don aikin zan taɓa lambar nan ba, ko don Baba. Tunda ban sani ba, ba zan taɓa ba."

Na tsayar da keke. Na ce, "Yaya, tsaya in gane. Abin nan tambayarki yake me kike zato, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To zatonki ke nan, masu aiki ba sa son yamma?"

"A'a."

"Ƙarya za ki gaya masa ke nan."

"Abin da aka auna zan gaya masa, Auta."

"An auna wa? Kin auna kaka za ki yanka wa ƙato riga! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kike ɗaura wa Baba abin awon nan, ke kika ga lambar, ke kika ji abin da ya ce da bakinsa. Duk wannan ba sani ba ne?"

"Sanin gida ne."

"Sanin gida haram ne?"

Yaya ta zuba lambobin gwajin yadda suke, ta danna. Fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara. Ni kuma na taka keke da ƙarfin da ya karya min allura.

Abin da ya biyo baya ko ni da ban yi zurfi a boko ba na gane shi. An gaya wa kwamfuta yamma ɗaci gare ta, ita kuma aikinta ta daidaita nauyi, sai ta shiga zuba wa yamma zuma. Kusan duk katin da yamma ta fito, da likita take tafe, da gajeren layi, da maganin wata uku. Safiya kuma aka bar ta da dogon jira. Aka kwashi katunan aka kai wa direbobi da masu sayar da kaya da magina. Ba wanda ya sosa ƙeya. Kati bayan kati, yamma suke nunawa. Da na ji haka na ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Sai na ga fuskar Yaya, na san tsugune ba ta ƙare ba.

Dogo ne ya ba ni labarin zaman da aka yi da shugabannin asibitin. Wani babban likita ya ɗaga kati ɗaya ya ce shi ma wannan zai ɗauka, wa zai ƙi likita da gajeren layi? Ya tambayi Yaya kai tsaye, shin za ta iya rarrabewa, yamman mutane suka zaɓa ko kayan daɗin da aka jingina mata? Dogo ya ce har yana taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta miƙe ta ce a'a, lambobin ba su isa su rarrabe da tabbaci ba. Gaskiya ta faɗa, ita da ma ba ta iya komai ba sai ita. Shugabannin suka ce to babu hujjar buɗe yamma. Suka ƙaro likita ɗaya da safe don layi ya ragu. Tsofaffin benci suka yi ta sa albarka.

Da aka gaya wa Baba, bai yi ƙorafi ba. Ya dai shafa kan Yaya ya ce, "Alƙaliyata ke nan." Wannan shafar har yau tana ci min rai.

Ba a rufa shekara ba ya faɗi. Da safe ne, a wurin ɗibar ruwa, ya hau saman tankar zai buɗe murfi sai ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Direbobin da ke layi suka sauko da shi, suka kawo shi asibiti a bayan wata motar kaya. Da na iso na tarar bakinsa ya karkace, hannun da ya yi shekaru yana murza sitiyari yana kwance a kan zanen gado, bai ma san da shi ba. Ya gane ni, ya yi ƙoƙarin kiran sunana, abin da ya fito ba suna ba ne.

A barandar asibitin na tare Yaya. Ban rage murya ba, nas-nas na wucewa suna waiwaye. Na ce mata ta ji daɗi, hannunta fes, ba wanda zai ce ta so kanta. Na ce ta tsare mutuncinta ta bar ubanta a saman tanka. Na ce tun muna yara tsoron bakin mutane take yi tana kiransa adalci. Ta tsaya ta saurara har na gama, ba ta kare kanta ba, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Da ta rama da ya fi min sauƙi.

Daga baya Dogo ya zo dubiya, ya ja ni gefe yana lallashi. Ya ce ko da an gyara katunan ba lallai shugabannin su yarda ba, ko sun yarda ba lallai a buɗe a kan lokaci ba, ko an buɗe ba lallai Baba ya je ba. Na ce na sani. Duk na sani, kuma na san kwana ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya yi iya yinsa abin ya gagara, ba ɗaya yake da wanda aka tambaye shi abin da ya sani ya ɓoye ba. Ba a ce ta yi maguɗi ba. Ba a ce ta sauya amsar kowa ba. Cewa aka yi ta faɗi zatonta, a wurin da aikin da kansa ya tanada don faɗin zato, ta ƙi, don kawai abin da ta sani a gidanmu ta san shi. Da babanta baƙo ne da ta yi masa adalci.

Kada in ci haƙƙinta, tun da ni ba Alƙaliya ba ce amma ina tsoron Allah. Ita ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ta kwashe kayanta daga ɗakin da ya fi iska ta ba shi. Mijinta ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ta koyi matsa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna mata. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ba ta taɓa cewa in yafe mata ba, ni ma ban ce na yafe ba. Muna gaisawa, muna miƙa wa juna tawul da kofi, maganar katunan kuwa ba mai tayarwa.

Yanzu Baba ba ya fashin asibiti. Duk wata muna tura shi a keken marasa lafiya, mu biyu, mu ajiye shi a ƙarshen benci kusa da taga inda iska ke shigowa. Ya saba da tsofaffin. Suna ajiye masa wuri, suna tsokanarsa da direba babu mota, yana dariya da rabin baki. Maganarsa ta ɗan dawo, a hankali, sai an kasa kunne.

Watan da ya wuce muna zaune sai ga wata matashiya da jaka a kafaɗa da katuna a hannu, tana bin benci tana gaishe da mutane cikin ladabi. Daga wani ofis ne daban, ba na su Yaya ba. Ƙorafi ya sake yawa, an sake ba da aikin tambaya. Na gane katunan tun daga nesa. Ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, sannu da jiki. Ɗan gwaji muke yi kafin babban aiki. Da safe ka fi son zuwa ko da yamma?"

Ya haɗa kalmar da ƙyar. "Safe."

"To jira fa, Baba? In layin ya yi tsawo yana damunka?"

Ya dube ta, ya dubi hannunsa da ke kan cinya. "Ina zan je, 'yata?"

Ta yi murmushi ta rubuta. Na juya ga Yaya. Idonta na kan biron nan yana tafiya a kan takarda.

"Ƙanwata," in ji Yaya, "a nan kaɗai za ku yi gwajin?"

"Eh Anti. Ai nan ne ake samun masu lokacin amsawa."

Yaya ta zare hannunta daga na Baba a hankali ta miƙe. "Tashi ki kai ni wurin wanda ya aiko ki."

Suka fita. Ba a jima ba na jiyo muryar Yaya daga ƙarshen baranda, tana tashi har ta danne kukan fankar. Ban taɓa jin ta haka ba tunda aka haife ni. Tana cewa su je gareji, su je kasuwa, su je inda waɗanda ba sa iya zuwa suke. Wani namiji ya ce mata wani abu a hankali, mai yiwuwa tambayarta ya yi ina ta samo wannan sani. Ta amsa da ƙarfin da ya sa duk zauren yin tsit.

"Ubana ne! A gidanmu na sani!"

Na zauna, ban san ko in ji haushi ko in yi kuka ba. Kalmomin da na roƙa ke nan a shagona, a lokacin da yake iya hawa saman tanka da ƙafafunsa. Ihu bayan hari. Baba ya karkato kai wajena.

"Wa ke faɗa haka, Auta?"

Na ce masa Alƙaliyarsa ce. Na ɗauki tawul na goge masa yawun da ya zubo a gefen bakinsa, muka ci gaba da jiran a kira katinsa.